Doguwar Rakiya a Kakuri

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, mu uku: ni da ƙanwata da direban da wani aminin mahaifinmu ya ara mana tare da motarsa. Tafiyar ba tawa ba ce, ta ƙanwata ce. Tana karatun digiri na biyu a jami'a, a fannin gudanar da ma'aikatu, kuma abin da ta zaɓa ta bincika shi ne yadda masaƙun Kaduna ke tsara aikinsu game da ruwan rinin da suke zubarwa: wa ke da alhakinsa, wa ke ba shi umarni, wa kuma yake da ikon cewa a dakata. Tun bara ta aika wa masaƙun takardun tambayoyi, babu wadda ta ba ta amsa. Malamin da ke duba aikinta ya gaji da jira. Ya ce mata idan aka dawo daga hutu ba ta zo masa da bayani daga bakin waɗanda abin ya shafa ba, zai sauya mata batu, ya ba ta wanda ake yi a zaune a laburare. Hutun kuwa ya zo ƙarshe. Shi ya sa ta roƙe ni, tun da aikina ke nan a gidan rediyo, in zo da rikoda in ɗauko mata maganar mutane.

Hanyar Zariya zuwa Kaduna da sassafe ta manyan motoci ce. Tankokin mai suna hawowa Arewa, motocin shanu suna gangarawa Kudu, ƙaramar mota kuwa sai ta yi ta raɓe-raɓe a tsakaninsu. Direbanmu dattijo ne mai haƙuri da hanya, marar haƙuri da sauran direbobi. Duk wanda ya wuce mu sai ya yi masa addu'ar shiriya da ƙarfi ta taga. A wajen Jaji sojoji suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ga rikoda a cinyata, ya tambaya ko ta kiɗa ce. Na ce ta aiki ce. Ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ɗaga mana hannu.

Mun shiga Kaduna ta Kawo rana ta ɗan ɗago. Muka ratsa ta Tudun Wada muka karya kumallo a teburin wani mai shayi, inda na lura burodi ya rage girma amma kuɗinsa bai ragu ba. Mai shayin ya ce laifin fulawa ne, madara kuma sai an bi layi tun da duhu. A gefenmu maƙera da masu walda sun riga sun buɗe rumfuna. Daga nan muka nufi gada.

Bazara ce, kogin ya janye, duwatsunsa duk a waje, mata suna wanki a kansu. Da ka haye gadar ka wuce tashar jirgin ƙasa, garin sai ya sauya kama. Dogayen katangu ne da bututun hayaƙi da ƙarar injuna wadda ba ta yankewa. Na sha faɗin sunan Kakuri a labarai, amma duk lokacin da na zo da kaina sai alfahari ya kama ni. Audugar Funtuwa da Gusau da Gombe ce ke shiga ta wannan ƙofa, ta fita ta waccan ta zama atamfar da matan ƙasar nan ke ɗaurawa. Mutanenmu ne a kan injunan, daga Katsina da Kafancan da Zonkwa da Bida. Ko yanzu da ake kukan ƙarancin auduga da kayan gyara, wurin bai yi shiru ba.

Ƙanwata ta ce mu fara daga ƙarshe, wato daga inda ruwan ke zuwa. Akwai wani rafi da ya ratsa Makera, shi ke kwashe abin da masaƙun suka zubar ya kai kogi ta wajen Nasarawa. Muka ajiye mota a bakin wani kwalbati, muka gangara da ƙafa ta cikin lambuna. Alayyafo da latas da tumatir da albasa, fegi bayan fegi, kore shar, ga jigo nan da can, ga injin ban ruwa ɗaya yana tari. Ruwan rafin a ranar shuɗi ne mai duhu, da kumfa a gefe, kuma yana da wani wari mai kama maƙogwaro. Wani manomi ya ce jiya ja ne.

Aka kai mu wurin Sarkin Lambu, wanda shi ne shugaban masu noman rani na wurin, dogon dattijo mai farin gemu, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Ya sa aka shimfiɗa mana buhu a gindin mangwaro. Na yi sallama, na gabatar da ƙanwata, na fara bayanin abin da ya kawo mu. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba wani daga cikin manoman ya jefar da fartanyarsa.

"Kai! Wannan murya! Ba kai ne mai karanta mana labarun rana ba?"

Na amsa cewa ni ne. Daga nan al'amarin ya fita daga hannunmu. Kafin in haɗa makirufo an kira na nesa, an wanke ƙafafu, wasu sun ɗauko hulunansu daga kan reshe. Suka yi layi. A saninsu, idan mutumin rediyo ya zo da rikoda, gaisuwa ya zo ɗauka.

Na farko ya gyara murya ya ce yana gaida yayansa mai gyaran keke a Funtuwa, da matarsa, da 'ya'yansa baki ɗaya, ban da babban, wanda ya ƙi zuwa sunan ɗansa. Na biyu ya gaida surukansa, ya nemi a sa musu kiɗan garaya. Wani kuma ya ja kunnen maƙwabcinsa a kan awaki, bai faɗi suna ba, amma duk wurin aka fashe da dariya, wani gajere a baya ya ce, "To ka faɗi sunana mana, matsoraci!"

Da layi ya ƙare Sarkin Lambu ya karɓi makirufo da hannu biyu. Ya gode wa Allah, ya gode wa gwamnati, ya yaba wa hukuma kan tsaftar gari da ake yi. Ƙanwata ta matso ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, wannan ruwan da kuke ba shuka, ba ya yi muku ɓarna?"

"Alhamdulillahi, Malama. Lafiya lau muke."

"Ko ranar da ya sauya launi?"

"Sai godiya. Ai ruwa rahama ne."

Ta juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta sauya ba. Kaset ya cika gaba da baya, babu kalma ɗaya da za ta shiga kundin bincike. Na san ƙanwata tun tana goye. Idan ranta ya ɓaci ba ta magana, gefen mayafinta take naɗewa a yatsa. Ta naɗe shi har yatsan ya yi fari. Muka yi godiya, na rufe rikoda na rataya, muka miƙe.

Sarkin Lambu ya sa aka ɗaure mana alayyafo, ya ɗauka da kansa, ya ce bari ya taka mana. Sauran suka koma bakin aikinsu. Mun yi 'yar tafiya a kan kunya, shi a gaba, sai ya rage sauri har ƙanwata ta iso shi. Ya nuna wani fegi da haɓarsa.

"Kin ga wancan? Latas ne. Ranar Talata baƙin ruwa ya zo, mai zafi, yana turiri. Kafin la'asar ya ƙone kamar an bi shi da wuta."

Daga nan bai tsaya ba. Ya nuna mata ƙafarsa yadda ta tsage. Ya ce masunta sun daɗe da komawa can sama da gada. Ya ce shuɗi da ja suna da sauƙi, baƙin ne mugun, kuma ba ya sallama. Sannan ya ce a cikin masaƙun akwai guda ɗaya mai kara. Su kafin su saki ruwa mai ƙarfi sai sun turo wani ma'aikacinsu a kan keke ya bi bakin rafi yana cewa a toshe, a toshe. Sai kowa ya datse hanyar ruwansa har abin ya wuce. Ya kwatanta mata masaƙar.

"Baba, me ya hana ka faɗi wannan ɗazu?"

Ya tsaya ya dube ta kamar ta tambayi abin da yaro ya sani.

"A zaune, gaban jama'a, da abin magana a bakina? Duk Arewa ta ji ina kai ƙarar inda 'ya'yanmu ke cin abinci? Haba Malama. Ɗazu baƙi ne ku, gaisawa muka yi. Yanzu rakiya nake yi muku."

Ta tambaye shi ko ya yarda ta rubuta. Ya ce ta rubuta, amma kada ta ce Sarkin Lambu ya yi kuka. A mota ta zauna ta rubuta duk abin da ya faɗa tun bai huce ba, mu kuwa muna gasuwa a rana.

Abincin rana a kasuwar Kakuri muka ci, a wata rumfa da wata mata 'yar Kagoro ke sayar da sakwara da miyar agushi. Ta ce doyar daga wajen Kakau ake kawo mata, kuma tun da aka fara gina sabon babban birni motocin hanyar suka ƙaru, kuɗin doya ma ya bi su. Mangwaro ne kaɗai ke da araha, har roƙonka ake ka saya. Muna cikin ci jiniyar canjin aiki ta kaɗa. Ban taɓa ganin kekuna da yawa haka a wuri ɗaya ba. Titin ya cika daga katanga zuwa katanga, masu fita da burbushin auduga a gashin kansu, masu shiga suna sauri da kwanon abinci a ɗaure a bayan keke. Hausa da Turancin kasuwa da harsunan kudancin jiha duk a cakuɗe, ana tsokanar juna. Direbanmu ya ce da shi ne gwamna da nan zai riƙa kawo baƙin ƙasashen waje.

Da yamma muka je masaƙar da aka kwatanta mana. Maigadi ya tura mu wurin sakatariya, ita kuma ta shiga ta fito ta ce manajan ma'aikata zai gan mu gobe da hantsi, amma ba shi da lokaci mai yawa. Kafin mu tafi ƙanwata ta ce a bi da ita ta bayan katangar. Hanyar ƙasa ce mai ramuka, ta zagaya har inda wani ƙaton bututu ya fito daga ƙarƙashin katanga ya zuba a rafi. Kusa da shi akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe. Ta daɗe tana kallon ƙofar. Muka haye gada muka kwana gidan gwaggonmu a Unguwar Sanusi, wadda ta yi mana faten tsaki da alayyafon Sarkin Lambu. Na ci, ban fasa ba, amma na tuna launin rafin.

Washegari ƙanwata ta ba da umarni biyu. Ta ce wa direba ya kai motar bakin ƙaramar ƙofar nan ta baya ya jira mu a can. Ni kuma ta ce in bar rikoda a mota, kuma in taimaka in rage murya. Muka zagayo da ƙafa har babbar ƙofa, tafiya mai ɗan nisa a cikin zafin bazara. Na tambaye ta dalili, ta ce in yi haƙuri.

Manajan mutumin kudancin Kaduna ne, mai matsakaicin shekaru, da taye da farar riga mai gajeren hannu. Ofishinsa da sanyi, an jera samfurin atamfofi a bango, ga zanen tsarin shugabancin kamfani a cikin gilashi. Aka kawo shayi. Ta yi tambayoyinta da Turanci, ya amsa da Turanci, a tsanake, kamar mai karanta sanarwa. Na san irin wannan murya, da ita nake cin abinci. Ya ce kamfani yana bin dukkan ƙa'idojin hukuma, yana da tafkunan da ruwan rini ke kwanciya kafin a sake shi, kuma akwai jami'i mai ilimin kimiyya da ke kula da su. Game da mai keke ya ce bai san da wannan muƙami a kamfani ba.

Ba ta ja da shi ba. Shayinmu bai huce ba ta rufe littafinta, ta koma Hausa, ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyali, ta miƙe. Ya yi mamaki, don ya shirya wa doguwar jayayya. Ya miƙe shi ma, ya ce bari ya taka mana. A bakin ƙofar ofis ya duba filin ajiye motoci.

"Ina motarku?"

"Tana ta baya, Yallaɓai, wajen ƙaramar ƙofa."

"Kai, ai da nisa, ga rana. Ku zo in bi da ku ta ciki."

Ta haka muka ga masaƙar. Ɗakin saƙa ba a magana a cikinsa, ƙarar ta fi ƙarfin kunne, ma'aikata da hannu suke zance. Zare dubbai yana gudu, farin yadi yana fitowa yana naɗe kansa. A sashen rini zafi da turiri ne, yadin ya shiga fari ya fito da furanni. Manajan yana tafe yana gaisawa da mutane da sunayensu, a fuskarsa kana ganin yana alfahari da wurin, kuma yana da hujja. Da muka fito fili ƙarar ta ragu, ya sassauta tayensa, Hausarsa ta fito tas, irin ta wanda ya tashi a Kaduna.

Tafkunan suna can ƙarshen fili, sun cika har baki. Ya tsaya a gefen na farko, hannuwansa a aljihu.

"Malama, kin ga zanen nan na ofishina? Jami'in ruwa yana ƙarƙashin shugaban sashen rini. Shi kuma shugaban rini da yawan bandir ɗin da ya fitar ake auna shi. To ranar da tafki ya cika, ruwa bai gama kwanciya ba, sai jami'in ya je wurin ogansa ya ce a tsayar da inji. Wato ya roƙi mutum ya rage wa kansa daraja. Ke kin taɓa ganin an yi?"

"Sai a buɗe bututu ke nan."

"Sai a buɗe. Yaron kirki ne, ya san aikinsa, amma ba shi da bakin magana. Na sha faɗa a taro cewa a ɗauke shi a sa shi kai tsaye ƙarƙashin babban manaja. Sai a ce in bari auduga ta samu tukuna."

"Mai keken fa, Yallaɓai?"

Ya yi 'yar dariya. Ya ce masinjan ofishinsa ne. Shi da jami'in ruwan suka shirya abin a tsakaninsu, babu takarda, babu kasafi. Idan za a saki, jami'in ya bugo masa waya, shi kuma ya ce wa masinja ya je ya sayo masa goro a Nasarawa ta bakin rafi. "Ni ba na ma cin goro," in ji shi. Ya ce matarsa a kasuwar Kakuri take cefane, miyar gidansa daga lambun nan take fitowa, kuma mahaifiyarsa har gobe da fartanya take a ƙauye.

Maigadin baya ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ga motarmu, hancinta kusan a kan bututun, direba yana barci. Manajan ya dubi motar, ya waiwaya ya dubi tsawon filin da muka ratso, ya dubi ƙanwata. Sai ya fashe da dariya har da dafa katanga.

"Lallai yarinyar nan! Da gangan kika ajiye ta a nan!"

"Da gangan ne, Yallaɓai. Kuma ba zan rubuta ko kalma ɗaya ba sai ka yarda. In ka ce a'a, rakiya ka yi mana, mun gode."

Ni na san abin da ta ɗora a kan wannan magana: bincikenta gaba ɗaya. Dariyarsa ta tafi. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke tsiyaya daga bututun.

"Ba sunana, ba sunan kamfani."

"Babu."

"To rubuta. Ki rubuta batun wa ke ƙarƙashin wa, shi ne ciwon. In masu kamfani suka gani a littafin jami'a wataƙila su ji, tun da ni sun saba da muryata. Mai keken ma ki sa shi. Ko babur sa saya masa."

Mun kamo hanyar gida bayan azahar. Ƙanwata tana baya tana rubutu, mota na tsalle, ba ta ɗago ba har muka wuce Jaji. Mun isa Zariya kafin magariba, muka tarar da mahaifinmu a zaure. Ya ce, "An dace?" Ta ce, "An dace, Baba." Bai ƙara tambaya ba, amma ya sa aka yanka kaza.

Shekaruna da dama ina miƙa wa mutane makirufo, ina ɗauka cewa abin da suka faɗa a cikinsa shi ne maganarsu. Wannan tafiya ta nuna mini cewa mutanenmu, manomi ne ko manaja, suna da maganar zaune da maganar tafe, kuma mai son sanin yadda ma'aikata ke gudana sai ya ji duka biyun. Ta nuna mini kuma cewa ruwan da ke ƙona latas a Nasarawa ba daga bututu ya fara ba, daga wani layi ya fara a zanen da ke bangon ofis, kuma layi abu ne da hannu ke iya gyarawa. Na je Kakuri ina alfahari da injuna. Na dawo ina alfahari da mutane: da manajan da ke aiken goron da ba ya ci, da yarinyar da na koya wa riƙe fensir, wadda ta samu abin da take nema sannan ta miƙa wa mai shi ta ce sai ya yarda.

Ranar da aka koma karatu ta kai wa malaminta abin da ta rubuta. Da azahar ta dawo, ta same ni a tsakar gida ina haɗa kayan komawa aiki. Ta ce ya karanta har sau biyu, ya bar mata batunta, ya kuma ce ta koma ta bi sauran masaƙun ɗaya bayan ɗaya ta wannan hanya. Na ce a shirye nake, duk ranar da ta sa.

"Na gode, Yaya," in ji ta. "Amma wannan karon a mota za ka zauna, kai da muryarka."